Kwamfuta Biyu a Titin Wilson

A titin Wilson, a tsakiyar Lima,
inda hazon teku ke kwana a kan rufi,
bai zama ruwa ba, bai kuma tafi ba,
na hau bene na biyu, shago na arba'in da ɗaya,
da sol ɗari tara a ƙulle cikin safa.

Eulogio bai ɗago kai ba.
Sukurudireba a haƙori, tabarau a goshi,
ya turo min guda biyu a kan gilashi
kamar mai kifi a bakin Chorrillos:
ga na jiya, ga na yau, hancinki ya zaɓa.

Ta fari baƙa ce, mai kauri, mai nauyin turmi.
Shekara tara ta yi tana bauta a wani banki
har harafin E ya goge a madanninta.
Yatsun wani da ban sani ba
sun bar sheƙi inda suka saba sauka.
Ya kifa ta, ya kwance sukuru huɗu,
ya nuna min hanjinta:
"Wannan ana cirewa. Wannan ma.
Batir in ya mutu, akwai shi a shagon ƙasa.
Ta tsufa, amma ba ta ɓoye ciwonta."

Ta biyu siririya, launin azurfa,
shekararta uku, faranti ya fi ta nauyi.
A baƙin allonta, kafin ya haska, na ga furfurata.
"Wannan gudu take, ba ta haki.
Sai dai komai nata a liƙe yake da dalma.
Ran da ta kwanta,
kada ki zo min, ki wuce coci."
Kuɗinta ya ɗara nawa da ɗari uku.

Na tambayi kaina, me zan yi da ita ma?
Lissafin gidan burodin ƙanena,
buhun fulawa nawa, bashin wa ya kwana.
Aikin makarantar Dionisia.
Daren Lahadi, fuskar mijina daga Madrid
tana daskarewa da baki a buɗe, tana dawowa.
Ai ba duniyar wata za ni ba.
Na dafa baƙar, na ce da tsohuwar zuma ake magani.

Dionisia ta ja hannun rigata.
"Zuma ba a goya ta awa biyu a bas, Mama,
a tsaye, tsakanin kafaɗun mutane.
Kuma an ce masu manhaja
sun fara juya wa tsofaffi baya.
Baɗi war haka, ƙofarta ba sakata."

Na dubi Eulogio, na ce kai wacce za ka ɗauka?
Ya cire sukurudireban daga bakinsa,
ya nuna ƙarƙashin tebur da ƙafa.
Tasa na can, ta girmi duka biyun,
an ɗaure murfinta da salatif,
fankarta na minshari kamar kaka.
"Ni mai gyara ne," ya ce. "Ke fa?"

Ni mai kwaɓa fulawa ce.

Na kwance safa, na ƙirga ɗari tara.
Ragowar ukun ya rubuta a littafin takarda,
wanda ba ya neman caja,
ba ya kuma mantuwa.
Garanti wata shida, da biro, a bayan rasit.

Dionisia ta rungume azurfarta ta yi gaba,
tana tsallake matakala bibbiyu.
Ni na tsaya a bakin ƙofa na waiga.
Yana mayar wa baƙar sukurorinta,
ɗaya, biyu, uku,
na huɗun ya gangara ƙasa, ya duƙa nema.
Ita da harafinta da ya goge,
ni da zanen yatsuna da ƙullu ya cinye,
mun ɗan dubi juna.

A waje hazon na nan yadda na bar shi.