Ƙodar Mode

Shekara ashirin da shida muna tarayyar rufi ɗaya,
ni da Mode, mai gyaran keken ɗinki a bakin Tsohuwar Kasuwa.
Ban taɓa rufe masa ƙofa ba.
Ashe jinina ya daɗe da sa sakata.

Likitar ta zana mini a bayan katin asibiti:
ga ke, ga shi, ga waɗansu 'yan ƙugiyoyi a tsakani.
Ta ce duk cikin da na ɗauka, rabinsa na Mode ne,
jikina ya ga baƙon rabi, ya haddace kamanninsa,
ya ɗauki masu gadi ban sani ba.
Haihuwa biyar, ɓari ɗaya,
da ledar jini uku da aka ƙara mini ranar da Luba ta zo duniya,
kowanne ya bar ɗan sintiri a bakin zaure
da gora a hannu, ba ya gyangyaɗi.

Na ce, likita, ai mijina ne.
Ta ce, Inno, jini bai halarci ɗaurin aure ba.

Sai da aka tace ni sau biyar kamar gasara,
inji yana tsince masu gadin ɗaya ɗaya,
kafin ran Talata a ɗauko ta daga kwiɓinsa na hagu
a dasa mini a mara, daidai inda nake soke zane.
Da fitsarin farko ya sauko cikin leda
ya sa aka turo shi a keken marasa lafiya,
dattijo da furfura, ya zauna yana kallonsa
kamar manomin da ya ga ruwan shuka.

Wata bakwai ke nan.
Ƙarfe takwas na safe, ƙarfe takwas na dare,
ƙwayoyin da suka cinye mana gonar albasa ta Kwalkwalawa.
Aikinsu su sa masu gadi barci.
To, in mai gadi ya yi nisa da barci
tarin jikana ma ɓarawo ne.
Ban je sunan 'yar Ige ba, ban je gaisuwar Runjin Sambo ba,
azumi ya zo ya wuce ina shan ruwa a bayan ƙyaure.
Ranar Sakkwato tana gasa kwanon rufi,
ni kuwa ina ƙirga goruna: huɗu, biyar,
kada baƙuwa ta ji ƙishi ta yi fushi.

Jiya lambar gwaji ta ɗan hau.
Kaɗan ne, bai kai a gani a fuska ba.
Likitar ta juya biro, ta ce wataƙila wasu sun farka,
ko sababbi ne aka ɗauka aiki.
Ran Alhamis allura za ta shiga
ta gutsuro abin da bai kai ƙwayar gero ba, a tambaye shi.

Na ɓoye takardar a ƙarƙashin darduma.
Mode ya ɗaga zai yi isha'i.
Bai iya boko ba, amma ya iya fuskata.
Ya ce, "Mi kika tsoro?
Keken da ka tsinka zare ba a yad da shi,
noti aka sassauta mai."
Ya shafa tabon kwiɓinsa, ya ta da kabbara.

An ɗauke wuta a Mabera.
Na kwanta a tsakar gida, tafina a kan mara,
ina lallashin jinina kamar mai sasanta maƙwabta:
ku ajiye gora, kun san shi,
shi ne ya kwana a barandar asibiti duk haihuwar nan biyar,
uban Luba ne.

Ba su amsa ba.
Ba su taɓa amsawa ba.
Da safe wayar ta yi ƙara, takwas daidai.
Na jawo kofi, na buɗe gwangwanin magani.