Zanen Gawayi

A bangon ɗakina, bayan randa,
nake zana kwanakin da Tasi'u bai faɗi ba.
Layi ɗaya da gawayi, bayan sallar isha.

Likitar Dutse ta ce, ƙwaya kala uku mun gwada,
farfaɗiyar ba ta ji kira ba,
yanzu tukunyarki ce za ta yi magana.
Ta ba ni sikeli, bai fi tafin hannu ba,
da takarda mai hoton abin ci da abin bari.
Tuwo, bari. Fura, bari. Koko, rake, ɗanwake,
har dabinon da kakansa ke ɓoye masa a aljihu.

To me ya rage wa ɗan ƙasar Jahun in an cire gero?

Man shanu ya rage. Ƙwan zabi da damina,
kifin Harbo, riɗi, zogale,
man gyaɗa ana aunawa kamar zinariya.
Na sayar da tunkiyata mai baƙin kunne.
Maƙwabta suka ce Laure ta sangarta yaro,
kullum maiƙo a baki sai ka ce ɗan mahauta.
Su ne dai masu janye 'ya'yansu in ya faɗi,
wai kada yawunsa ya taɓa su.

Ya yi kuka. Ni ma na yi, a bayan rumbu.
Ranar sunan ƙanwarsa ya zauna da ƙwai biyu
yana kallon waina tana wucewa a faifai.
Mu manya muka koma cin tuwo a ɓoye
kamar ɓarayi a gidanmu.

Amma layukan suka yi ta haihuwa.
Suka wuce bakin randa, suka wuce ƙusar fitila,
damina biyu, rani biyu,
har sai na taka turmi hannuna ke kaiwa.

Sai likita ta ce a sassauta, a hankali, kamar yaye.
Ta ƙara da abin da ban so ji ba:
wasu sun rabu ke nan, wasu takan waiwayo su.
Lomar farko ta tuwon dawa, ya riƙe ta a baki,
ya ƙi haɗiyewa, idanunsa na dariya.
Na naɗe sikelin a tsohon zane, na tura ƙarƙashin gado.

Wata biyar.

Ranar Laraba, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida,
kwano ya suɓuce masa.
Idonsa ya tafi inda ba na iya binsa.
Na ture icen wuta da ƙafa, na kwantar da shi a gefe,
ina ƙirga lokaci yadda aka koya mini.
Inna na ihu a sa masa cokali. Ban sa ba.

Da ya dawo, bango ya fara duba, sannan ni.

Daren nan gawayi na hannuna, na rasa inda zan ɗora.
A goge duka ne?
Kwana ɗari tara da ɗoriya ai ba ƙarya ba ne.
A cikinsu ya shiga aji ɗaya,
a cikinsu ya koyi hawan jakin Malam Sabi'u,
ya fāɗo sau biyu, faɗuwa irin ta kowane yaro.

Da asuba na ji motsi a ƙarƙashin gado.
Shi ne, yana jan ƙunshin zanen, yanar gizo a kansa.
Ya danna, ya sake dannawa.
Ya ce, Umma, batirinsa ya mutu,
in za mu Dutse gobe a saya.

Ban goge komai ba.
Na koma ɗaya bangon, wajen taga,
na durƙusa, na fara daga ƙasa.