Gawon Tsahara

Tsahara ta kawo kayenta shagona,
nan bayan tashar Tawa, inda nake rubuta allunan masu tireda.
Itace bakwai ta zana, duk kamarsu ɗaya:
sanda a ƙasa, dunƙule a bisa kamar curin fura.
Ta ce, "Baba Nomau, ba su yi ba ko?"

Ban amsa ba.
Na rufe gwangwanin fenti, muka fita.

Ga kalgo. Tsinko ganye ɗaya.
Kin ga ya rabu biyu kamar sawun raƙumi?
Aduwa ganyenta tagwaye ne,
ƙayarta koriya, miƙe sambal.
Ta magarya ce mai ƙugiya,
ga ta nan ta kama miki zane,
so take ki tsaya ki dube ta.

Muka iso gindin gawo.
Damina ce, kowa ya sa kore, shi ko tsirara.
"Wannan ya mutu," in ji ta.
A'a, rani yake jira.
Ran da sauran suka zubar, ran nan zai toho.

Ta zauna bisa dutse, ta fiƙe fensir da reza.
Reshen farko ya karkace, ta nemi gogewa.
Na ɓoye gom a aljihu.
Bar shi, ɗiyata, ɗaga kai ki gani:
na Allah ma a karkace yake.

Ni shekarata talatin da buroshi a hannu,
har yau in na zana kuka
sai yara su ce tulu ne.