Taku Huɗu Zuwa Teku

Rediyo ta ce an ware biliyoyi
don kifi, don masunta, don garuruwan gaɓar teku.
Ina tsugune bakin ramin kuza a bayan Bukuru,
sanyin asuba ya daskarar min da yatsu.
Na ƙara murya don tarwadata su ji.
Ko ɗaya ba ta ɗago kai ba.

Wannan ruwa ba kogi ne ya kawo shi ba.
Babana ya haƙa wurin, shi da ɗaruruwan irinsa,
kwanon sarki bisa gammo,
shekara goma sha tara yana hawa yana sauka.
Kamfani ya kwashe kuza ya bar rami.
Baba ya tafi da tarinsa ya bar min rami.
Damina ce kaɗai ta biya diyya,
ta cika shi har baki.

Ramlatu, autata, ta dawo daga shagon kwamfuta
da fom mai shafi shida.
Suna, na faɗa. Sana'a, na faɗa.
Yawan kifi? Dubu biyu na zuba,
ban san nawa zalɓe ya rage min ba,
shi ma yana da iyali.
Sai tambaya ta bakwai:
mene ne nisan gonarka da bakin teku?
Ta latsa waya, ta ce yini guda ne a mota,
har da ɗan dare in hanya ta yi gardama.
Na ce rubuta taku huɗu.
Ta ce Baba, ƙarya ce.
Na ce tashi ki auna.

Ba hassada nake yi ba, Allah ya sani.
A ba su injin kwalekwale, a ba su ɗakin sanyi,
a ba su taru sabo.
Na taɓa ganin hoton wani masunci na can,
baƙin mai ya rufe masa ruwa,
yana riƙe da koma wayam
kamar mai shanya zanen mamaci.
A fara da shi. Na yarda.

Amma wa zai gaya wa mai alƙalami
cewa a kan dutse ma ana kiwon kifi?
Cewa a nan in Disamba ta kama
tarwada kan kwanta a ƙasan ruwa ta ƙi abinci,
wata huɗun wasu ya zama bakwai a wurina?
Buhun abincinsu ya fi buhun masarar gidana tsada.
Jiya na auna musu kwano uku,
na auna wa matata biyu,
ta kalle ni, ba ta ce komai ba,
shirun ya fi zagi nauyi.

Kaneng, maƙwabciyata mai banda,
ita ke ɗauka bashi ta biya ranar kasuwa.
Idonta ya yi ja da hayaƙi shekara da shekaru.
Ta ce motar kifin ƙanƙara ta sake sauka,
daga wata ƙasa da ba ta iya faɗin sunanta,
kuma ya fi nawa araha.
Ta yi dariya har da tari:
Ilyasu, kifi ya ƙetaro teku bakwai
ya riga naka isa tukunya.

An ce kifin fadama ba ya gasa da na gulbi.
To, na rami fa, da wa zai yi?

Ramlatu ta tura fom ɗin, da taku huɗun a ciki.
Mako uku, saƙo ya shigo:
an karɓi bayananka.
Shi ke nan, kalma uku.
Na karanta wa ruwan sau biyu.

Can rana ta leƙo ta bayan tulin jar ƙasa,
tulin da Baba ya tara da wuyansa.
Na watsa dintsi guda.
Shiru.
Sai wani gashin baki ya tsaga ruwa,
ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya koma.