Sikelin Ƙofar Ruwa

Aikina awo ne.
Shekara goma sha tara ina ɗora ƙarfe a sikeli,
allurar nan ba ta taɓa jin kunyar kowa ba.

Da la'asar Saje Ɗantani ya zo da rediyonsa mai ɗaurin roba,
ya zauna kan mataccen inji,
ya ce: ƙasa, jiragen yaƙinta ake ƙirgawa.
Ya fara lissafa na Rasha da yatsun da suka rage masa.
Takwas ne. Biyun suna wani daji
da ba ya son kiran sunansa.

Alhaji Nazifi ya yi dariya har hula ta karkace.
Sau bakwai ya je Sin saro kaya.
Ya ce: Saje, dubi takalminka,
dubi tocilan da kake zagayawa da ita,
dubi rediyon da ke ba ka labarin harsashi.
Wanda ya shigo har ƙuryar ɗakinka,
kuma kai ka biya masa kuɗin mota,
me zai yi da tankar yaƙi?

Saje ya ce: dukiyar da ba ta da mai gadi
ajiyar ɓarawo ce.

Tasi'u ya leƙo daga cikin adaidaitarsa:
a daina raina Indiya.
Ƙafa uku ta ba ni nake ciyar da baki shida,
ƙwayar hawan jinin Inna ma can aka yi ta.
Wani ya ce Turkiyya, mai jirgi ba matuƙi.
Wani ya ce Barazil, aka ce masa ba ƙwallo ake ba.

Sai suka juyo kaina:
mai awo, raba gardama.

Na ce ni gawa kaɗai na sani.
Duk abin da suka ƙera, nan yake zuwa ya kwanta.
An taɓa kawo min ƙofar motar soja
da cikin janareto rana guda,
kuɗin kilo bai bambanta ba.

Na yi shiru a nan.
Ban faɗa musu na injin masaƙar Bompai ba,
wanda babana ya shafa wa mai shekara ashirin,
yana gane ciwonsa daga kuka.
Gunduwa-gunduwa aka kawo shi,
ni na auna.
Tan huɗu da 'yan kai.
Na rubuta, na karɓi ladana,
tirela ta yi kudu da shi.
Wataƙila shi ne cokalin da Alhaji ya saro bara.

Mamuda, yaron da ke tsince min tagulla,
ya goge hannu a wando ya ce:
Baba, mu fa? Nawa ne nauyinmu?

Na ce hau mu gani.
Ya hau yana dariya,
allura ta yi rawa, ta yi rawa.
Aka kira magariba kafin ta tsaya.
Saje ya buga rediyonsa a tafin hannu,
ya tambayi Alhaji ko yana da batir.