Matakala Goma Sha Uku

Kafin rediyo ya ce za a yi ruwa a Shefil,
gwiwata ta hagu ta riga ta faɗa mini.
Ba ta taɓa ƙarya ba.

Da asuba yatsuna sukan tashi a dunƙule,
kamar an ba su ajiyar kuɗin wani.
Sai in tara ruwan ɗumi a kwano,
in tsoma su, ina lallashi ɗaya bayan ɗaya,
har manuni ya yarda ya miƙe.
Babban ne mai taurin kai. Ni ya gado.

Shekara ashirin da shida ina murza sitiyarin bas
a tuddan garin nan,
yau murfin kwalbar zuma ya kai ni ƙasa.

Matakala goma sha uku ce tsakanina da kicin.
Moira, mai koya mana motsa gaɓɓai, ta ce:
in za ka hau, lafiyayyar ƙafa ce gaba,
in za ka sauka, mai ciwon.
Na ce, in duka biyun suna yajin aiki fa?
Ta yi dariya, ta ƙara mini lanƙwasa biyar.

Ran Talata mu takwas muke shiga ruwa mai ɗumi,
tsofaffi, muna taku kamar agwagi.
A ciki ba ni da nauyi.
A can gwiwa take tuna durƙuso,
wanda ta manta a kan dadduma
tun da kujera ta zama abokiyar sallata.

Ƙanwata Asabe ta aiko man kaɗanya daga Kontagora
cikin gwangwanin madara.
Ƙwayar likita tana nata, man yana nasa,
ban shiga tsakaninsu ba.

Jiya na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyata Doreen,
da kwalbar zuma a hammata.
Ta nuna mini hannuwanta,
karkatattu kamar ɗanyar citta.
Duk da haka ta riƙe gindin da tsumma,
ni na kama murfin,
muka ƙirga, ita da Turanci, ni da Hausa.
A na uku ya ce ƙas.

Muka sha shayi da zuma har cokali biyu.
Na yanka mata rabin man,
na nuna mata yadda ake narka shi a tafin hannu.

Ina bakin ƙofa gwiwar ta sake magana.
Na ce, Doreen, kwashe shanyarki.