Jakar Minista

Rumasa'u, rage muryar rediyon nan, matso kusa.
Tun la'asar nake jin ki kina hadda,
wai "ikon ministoci a tsarin firaminista",
kina tauna kalmomin kamar tsakuwa a shinkafa.
Ajiye littafin. Ni na ɗauki jakar wani, shekara huɗu,
ina saurayi, tun ba a yi mafarkin gari a nan ba,
tun Mpape duwatsu ce da gonakin doyar Gbagyi.

Maigidana sai da ya ci zaɓe tukuna.
Ya taka kasuwannin ƙauye, ya sha furar da ba ya so,
ya zama ɗan majalisa kamar kowa,
sannan aka ce: ga ma'aikatar ayyuka, riƙe.
Kujera biyu, mutum ɗaya.
Da hantsi yana ofis, alƙalaminsa na buɗe baitulmali,
ya ce a yi gada, ya ce a fasa,
da azahar yana bencin gaba ana tankaɗe shi.

Ranar tambayoyi ko koko ba ya iya sha.
Akwai wani siriri a ɓangaren hamayya,
mai tabarau ɗaure da zare,
zai miƙe a hankali ya ce:
"Kwalbatin garinmu, ina ta kwana?"
Ba a tura sakatare. Ba a cewa yana taro.
Shi zai tashi da bakinsa, gumi har cikin hula,
ni ina bayan ƙofa rungume da fayil,
cikina na kaɗawa kamar ni na ci kuɗin siminti.

Rubuta wannan:
akawu ya yi ɓarna, wuyan minista ake aunawa.
Ba shi ya kashe zomon ba,
amma ratayar tasa ce, har gaban jama'a.

Wata rana suka shiga ɗaki suka rufo.
Na kai shayi, na ji ana dukan tebur,
maigidana na rantsuwa sabon harajin nan zalunci ne.
Aka buɗe ƙofa, ga 'yan jarida jingim,
shi ya fara cewa harajin alheri ne.
A mota na dube shi ta madubi.
Ya ce, "Barau, kwalekwale ɗaya muka shiga.
In an juya, kowa ya juya,
wanda ya ƙi, ya ajiye jaka ya faɗa ruwa."
Bai faɗa ba.
Yana da 'ya'ya shida a makaranta.

Shi firaminista babban yaya ne, ba uba ba.
Yana iya karɓe jakarka kafin ka idar da alwala,
amma ranar da majalisa ta ce ta janye amana,
da shi da su, tabarma ɗaya ake naɗewa.

Kina tambaya ko ya fi na yanzu?
Kada ki sa ni ƙarya da furfura.
Na ga an amsa tambaya da Turanci mai santsi,
damina ta zo, ruwa ya ci gaba da cin hanya.
Har na bar aikin, kwalbatin nan tana cikin fayil.
Abin da na gani kawai, na ga mai iko a tsaye
yana kame-kame, don wani mai tabarau ya ce "ina?"

Shekaranjiya, a hanyar asibiti, aka tsare mu a Maitama.
Jiniya, mota goma sha ɗaya, gilashi baƙi wuluk.
Na leƙa, na leƙa, ina neman fuska,
tawa na gani tana wucewa.

To, ga shi sun ɗauke wuta.
Kunna fitilar wayarki, koma kan littafinki.
Malaminki maki yake ƙirgawa, ba shi abin da yake so.
Gumin nan na cikin hula kuwa,
ba ya cikin manhaja. Bar mini shi.